Tambaya: na'urar neman ceto ta tauraron ɗan'adam ga mai doguwar tafiya a kan babur

Mai Jan Babur ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin wannan al'amari, domin na daɗe ina jujjuya shi a raina ban kai ga matsaya ba. Idan Allah ya kai mu ƙarshen damina, ni da wani abokina muna da niyyar hawa tsaunin Mambilla a kan babura. Za mu tashi daga Jalingo, mu bi ta Bali da Serti, mu haura daga Mayo Selbe zuwa Nguroje, mu sauka a Gembu, daga nan kuma mu ɗauki kwana uku ko huɗu muna zaga ƙauyukan da ke bayan gari, inda kwalta ta ƙare. Bara na yi wannan hanya a mota, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai, bayan kyawun ƙasar, shi ne yawan wuraren da wayata ta zama kamar dutse a aljihu, babu sabis ko kaɗan, wani lokacin har tsawon sa'a guda ana tafiya.

Abokin tafiyar tawa ma'aikaci ne, mai yiwuwa ya juyo kafin ni, wanda hakan ke nufin zan yi kwanakin ƙarshe ni kaɗai. Mahaifiyata ta ce ba za ta yi mini izini ba sai in akwai hanyar da za ta riƙa sanin inda nake kullum, kuma ban ga laifinta ba, domin wanda ya faɗi da babur a kwana mai kaifi ya gangara cikin kwari, mota goma za ta iya wucewa ta samansa ba wanda ya lura.

Na ji labarin ƙananan na'urori masu magana da tauraron ɗan'adam kai tsaye, waɗanda suke nuna wa na gida inda mutum yake a taswira, kuma suna da maɓallin SOS na neman ceto. Na ga sunaye irin su inReach da SPOT, na kuma ga wata da ake kira PLB wadda aka ce ba a biya mata kuɗin wata. Shin mene ne bambancinsu? Idan na danna maɓallin nan a bayan Gembu, wa zai ji, kuma wa zai zo? Akwai wani da ya yi mini tayin ta gwanjo da aka shigo da ita daga waje a farashi mai sauƙi, shin in saya? Ba na son in zuba daloli a abin da zai zama ado kawai a kan babur.

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya sa a je lafiya a dawo lafiya. Abu na farko da ya kamata ka gane shi ne GPS ba ya aika komai, karɓa kawai yake yi. Wayarka ma tana iya sanin inda take a tsakiyar daji ba tare da sabis ba, matsalar ita ce ba ta da bakin da za ta faɗa wa kowa. Duk na'urorin da ka lissafa suna gano wurinsu da GPS ne, inda suka rabu shi ne hanyar da kowacce ke bi ta isar da labarin, da kuma wanda yake zaune a ɗaya ƙarshen yana jira.

PLB aiki ɗaya ta sani, shi ne kururuwar neman ceto. Tana aikawa a kan zangon megahaz 406 zuwa tsarin Cospas-Sarsat, wanda ƙasashen Kanada da Faransa da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet suka kafa a 1979, ya kuma yi cetonsa na farko a watan Satumbar 1982, lokacin da aka gano wani ƙaramin jirgin sama da ya faɗi a yammacin Kanada. Tsari ne na gwamnatoci, shi ya sa babu kuɗin wata. Siginarta tana da ƙarfi, kimanin wat 5, batirinta yana zama shekara biyar zuwa bakwai ba a taɓa shi ba, kuma ƙa'ida ce idan aka kunna ta ta yi aƙalla sa'a 24 tana kira. Tana kuma fitar da wata ƙaramar sigina a kan megahaz 121.5, wadda masu ceto suke bi idan sun matso kusa. Najeriya tana cikin tsarin, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ce ke riƙe da cibiyar karɓar irin waɗannan saƙonni a Abuja. Sai dai PLB ba ta nuna wa mahaifiyarka inda kake kullum, ba ta aika gaisuwa, ba za ka iya gaya wa kowa ko ƙafarka ce ta karye ko maciji ne ya sare ka ba, kuma kunna ta saboda faci ko tsinkewar sarƙa laifi ne, domin an yi ta ne don abin da ya shafi rai.

Sauran biyun na kamfanoni ne, suna bin taurarin kasuwanci, don haka sai da kuɗin shiga tsari, na wata ko na shekara, kuma da dala. Ka riƙe wannan da kyau: ranar da kuɗin ya ƙare, maɓallin SOS ɗin ma yana iya mutuwa tare da shi. inReach ta kamfanin Garmin ce, wanda ya gaje ta lokacin da ya sayi DeLorme a 2016, tana bin taurarin Iridium guda 66 da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 780 daga ƙasa, suna bi ta saman doron duniya daga arewa zuwa kudu, suna kuma miƙa wa juna saƙo a sama har ya isa tashar ƙasa. Saboda wannan miƙa-miƙa ne suke rufe duniya baki ɗaya. Tana aikawa tana kuma karɓa, saƙo ɗaya haruffa 160 kamar tes na waya, kuma na gida yana iya ba ka amsa daga wayarsa ta yau da kullum. Ƙaramar cikinsu nauyinta giram 100 ne kacal. SPOT kuwa ta Globalstar ce, ta fito tun 2007, taurarinta suna nisan kimanin kilomita 1,400, amma ba sa miƙa wa juna saƙo, dole tauraron ya hango ka ya kuma hango tashar ƙasa a lokaci ɗaya. Shi ya sa akwai sassan duniya da take da rauni, kuma wajibi ne ka buɗe taswirar da kamfanin ya wallafa ta wuraren da yake aiki, ka duba Taraba da idonka, ka kuma duba ta irin na'urar da za ka saya, domin taswirar mai aikawa kawai daban take da ta mai aikawa da karɓa. Mai arhar cikinsu aikawa kawai take yi, ba ka da hanyar sanin ko wani ya karanta.

Game da wanda zai ji, idan ka danna SOS a inReach saƙon yana zuwa cibiyar kamfanin da ke jihar Texas ta Amurka, wadda ke aiki dare da rana. Za su rubuto maka su tambayi abin da ya faru, su kira lambobin da ka rubuta tun daga gida, sannan su nemi hukumar da ke da alhakin ceto a ƙasar da kake. Na'urar tana sabunta wurinka kowane minti a minti goma na farko, daga nan ta rage don tsimin batir. Wannan ɓangare yana aiki. Tambayarka ta biyu, wato wa zai zo, ita ce ba injiniya ke amsa ta ba, domin mutumin Texas ba shi da mota a Gembu.

Kada kuma wani ya ruɗe ka da cewa sababbin wayoyi sun wadatar. Gaskiya ne tun daga iPhone 14, a ƙarshen 2022, akwai kiran gaggawa ta tauraro, amma a jerin wasu ƙasashe ƙididdigaggu aka buɗe shi, ba ko'ina ba.

Batun gwanjo kuwa, ina ba ka shawara ka yi taka-tsantsan. Kowace PLB tana da lambar shaida mai haruffa 15, kuma a cikin lambar akwai alamar ƙasar da aka tsara ta dominta. Idan ta Amurka ce kuma sunan tsohon mai ita ne a rajista, ranar da ka kunna ta gidansa za a kira, a ɓata lokaci mai tsada ana tambayar mutumin da yake kwance a ɗakinsa. Sai an sake tsara ta an yi rajista da sunanka, a kuma duba ranar ƙarewar batir da ke rubuce a jikinta. Masu aika saƙo su ma suna ɗaure da asusun wanda ya fara yi musu rajista, in bai sake su ba, ba za ka iya ɗora naka tsarin a kansu ba. Kada ka biya ko kwabo sai mai sayarwa ya tsaya an kunna ta da sunanka, an aika saƙon gwaji ya shigo wayarka.

Baƙon Ostareliya ya amsa:

Injiniya ya gama bayanin ƙarfe da taurari, ni bari in ba ka labarin jiki, ƙanena. Ina zaune a kudancin Ostareliya, kuma a nan ɗaukar irin wannan na'ura ya zama kamar ɗaukar ruwa ga duk mai shiga cikin ƙasa. Rajistar PLB kyauta ce a wajen AMSA, hukumar kula da lafiyar sufurin ruwa ta ƙasar, cibiyar ceto tana Canberra, akwai jirage masu saukar ungulu, akwai kuma ƙungiyar likitocin jirgin sama da ke aiki tun 1928, waɗanda suke sauka a filayen turɓaya su ɗauki majinyaci. Na faɗi wannan ne don ka san cewa labaran da kake karantawa na wanda ya danna maɓalli jirgi ya zo cikin sa'a biyu, a irin wannan ƙasa aka rubuta su, kuma ba na'urar ce ta kawo jirgin ba, jirgin da ma yana nan.

Na taɓa bin hanyar Oodnadatta, wadda ta kai kusan kilomita 600 daga Marree zuwa Marla, ba kwalta, tsakuwa ce da rairayi da gargada irin wadda ke kwance kusoshi. A lokacin ina ɗaure tawa na'urar a kan hannun babur, kusa da madubi, saboda a nan take ganin sama sosai kuma ina iya cajinta ina tafiya. Da la'asar ɗin rana ta biyu na shiga wani ramin rairayi da gudun da bai kamata ba, tayar gaba ta nutse, babur ya watsar da ni ya ci gaba da sulalewa shi kaɗai har ya kwanta a can gefe. Ƙashin kafaɗata ya karye, idon sawuna ya goce. Tsakanina da babur bai wuce taku goma sha biyar ba, amma wallahi ban taɓa yin tafiya mai nisa irin wannan ba. Da jan ciki na isa, hannu ɗaya ina tallafe da ɗaya, kuma da babur ɗin ya danne ɓangaren da na'urar take, ko da ƙashin baya ne ya taɓu, da ina kallonta tana kallona har dare.

Tun daga ranar a jikina take kwana, a saman kafaɗar jaket, eriyarta tana kallon sama, ɗaure da igiya ta biyu, a wurin da kowane hannu zai iya kaiwa. Ka gwada wannan a gida: ka sa safar hannu da hular kwano, ka kwanta a ƙasa, ka ga ko za ka iya buɗe murfin SOS da hannun hagu kaɗai. Kada dai ka sa ta daidai kan ƙashin wuya ko haƙarƙari, domin idan ka faɗi a kanta ita ce za ta karya ka. Waɗannan ƙananan na'urori kuma ba su san ka faɗi ba, sai yatsa ya danna, don haka wanda ya suma babu abin da zai yi masa magana sai ɗigon da na'urar ta bari a taswira mai nuna inda ya bi.

Abin da ya fi yi mini amfani a ranar shi ne iya rubutu da karɓar amsa. Na gaya musu ina cikin hayyacina, ba na zubar da jini, ina da ruwa lita huɗu, amma ba zan iya tsayawa ba. Da wannan bayani suka san irin taimakon da za su turo, ni kuma da na karanta cewa an taso, sai zuciyata ta kwanta na daina tunanin jan jiki zuwa bakin hanya. A tafiye-tafiyen da suka biyo baya ban ƙara taɓa SOS ba, amma na rubuta saƙon neman mai da na neman tiyub fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Mafi yawan abin da ke tsayar da mai babur ba mutuwa ba ce, faci ne da sarƙa da ƙarewar mai, kuma PLB ba ta da abin cewa a kansu. Ni yanzu ina ɗaukar duka biyun, amma da za a ce in zaɓi ɗaya don tafiyarka, mai aikawa da karɓa zan ɗauka ba tare da dogon tunani ba.

Uwargida ta amsa:

Malam, ni ban taɓa tuƙa babur ba, amma shekara huɗu ke nan ina zaune a ɗaya ƙarshen wannan na'ura, domin maigidana yana yawon aikin rijiyoyi a ƙauyuka kuma ni ce mai kallon taswira. Ina roƙonka kada ka miƙa wa Hajiya wannan aiki haka kawai, domin za ka ƙara mata hawan jini ne maimakon kwanciyar hankali.

Dalili shi ne ɗigon yana tsayawa ko da lafiya lau. Na'urar tana buƙatar sararin sama, idan mutum ya shiga ƙarƙashin manyan itatuwa, ko kwazazzabo mai zurfi, ko ya ajiye jaket a cikin ɗakin kwano ya tafi cin abinci, saƙo yana iya makalewa har sai wani tauraro ya gifta ta inda take hange. Hanyar da ka ambata kuwa, gefen dajin Gashaka-Gumti da hawan Mayo Selbe, duk irin wuraren nan ne. Ranar farko da ɗigon maigidana ya tsaya wuri ɗaya sa'a uku, na tayar da dangi kaf, har ƙaninsa ya zuba mai a mota, ashe batir ne ya ƙare yana zaune a ƙarƙashin mangwaro ana ba shi fura. Na ji kunya, amma laifin namu ne mu biyu, domin ba mu taɓa zama mun tsara me shiru yake nufi ba.

Yanzu muna da yarjejeniya a rubuce, tana manne a bayan ƙofa. Yana aiko da saƙo idan ya tashi da safe, da azahar, da kuma idan ya sauka masauki. Idan zai tsaya fiye da sa'a ɗaya a hanya yana faɗa. Idan lokacin saƙo ya wuce da sa'a biyu, ni ce zan rubuta masa, idan aka ƙara sa'a biyu babu amsa kuma ɗigon bai motsa ba, sai in fara kiran mutanen da ke cikin takardar, daga na garin da ya fi kusa da ɗigon ƙarshe. Kai ma ka zaɓi mutum ɗaya mai sanyin kai, wanda ba ya kashe waya da dare, shi zai riƙe taswira, ita kuwa Hajiya a riƙa kai mata labarin isa lafiya sau biyu a rana.

Akwai lissafin da ya kamata mai gadin naka, wato mai riƙe taswirar, ya sani. Idan na'urar tana ajiye ɗigo kowane minti goma, kai kuma kana gudun kilomita 60 a sa'a, tsakanin ɗigo da ɗigo kilomita 10 ne, a hawan dutse da gudun 30 kuwa kilomita 5. Ɗigon ƙarshe ba ya nufin nan kake, yana nufin daga nan za a fara nema zuwa gaba. Sannan ya koyi karanta lambobin wuri, domin ana rubuta su iri biyu. Digiri 6.30 ba daidai yake da digiri 6 da minti 30 ba, na farkon digiri 6 da minti 18 ne, kuma wannan bambanci na minti 12 ya haura kilomita 20 a ƙasa. Ya fi sauƙi ya tura mahaɗin taswirar kai tsaye ta WhatsApp ga wanda zai fita nema, ya kuma haɗa da sunan ƙauye mafi kusa, tunda direban a-kori-kura sunan ƙauye ya sani ba digiri ba.

Tsohon Direba ya amsa:

Yaro, Allah ya yi maka albarka da ka nemi izinin mahaifiya kafin ka nemi na'ura. Na yi shekaru ina jan mota a hanyoyin arewa maso gabas, kuma ina so in amsa tambayar da Injiniya ya ajiye, sannan in ƙara wadda ba ka yi ba.

Wanda zai zo maka a bayan Gembu shi ne wanda ka shirya tun kafin ka tashi. A wannan ƙasa mai ɗauko wanda ya faɗi shi ne ɗan acaɓan ƙauye, da direban da ke da tsohuwar Land Rover mai hawa dutse, da mai unguwa wanda zai ce wa samari su ɗauki fitila su fita. Don haka duk garin da ka sauka, ka fara da gaishe da mai gari, ka je tasha ka karɓi lambar shugaban 'yan babur da ta direba ɗaya ko biyu, ka san inda asibiti yake da inda ofishin 'yan sanda yake, ka tura wa mai gadinka na gida duk waɗannan lambobi kafin ka bar inda ake da sabis. Shi da yake cikin gari yana iya kiran 112, ko 122 ta hukumar kiyaye haɗurra idan a babbar hanya ne, amma kiran da zai fi saurin tayar da mota shi ne na mutumin da ya ci goro tare da kai jiya. Ka kuma bar masa kuɗin mai a hannu, domin kamfanin na'ura kira yake yi, ba ya biyan kuɗin ɗauko ka sai in ka sayi inshora daban, ita ma sai ka karanta ko ta shafi ƙasar da kake.

Abin da ba ka tambaya ba shi ne idon jami'an tsaro. A watan Yunin 2013 sojoji sun haramta amfani da wayar tauraron ɗan'adam ta Thuraya a jihar Borno, a watan Satumbar 2021 kuma aka rufe layukan waya a Zamfara gaba ɗaya saboda 'yan bindiga, kuma jihohi da dama sun taƙaita zirga-zirgar babura a lokuta daban-daban. Ka haɗa waɗannan a kanka: baƙo, a kan babur, kusa da iyakar Kamaru, da abin da ke magana da tauraro a kafaɗa. Jami'in da ke shingen bincike ba zai tsaya bambance maka Thuraya da inReach ba. Ba mu kaɗai ba ne, a Indiya an sha tsare matafiya a filin jirgi saboda irin wannan na'ura. Kafin ka saya ka tuntuɓi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ka ji matsayinta, ka riƙe rasit da katin shaida a aljihu ɗaya, ka sanar da 'yan sandan garin da ka sauka, kuma idan an tambaye ka ka nuna ta da kanka, kada a same ta a ɓoye a ƙasan jaka.

Na ƙarshe, na ga samari suna ɗora mahaɗin taswirarsu a Facebook don abokai su bi tafiyar. Wanda ya yi haka ya sanar da duniya inda zai kwana, da cewa shi kaɗai ne, da irin babur ɗin da yake kai. Ka sa wa shafin kalmar sirri, mutum biyu ko uku kawai su san ta, hotuna kuma ka jira sai ka dawo gida.

Mai Jan Babur ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba, maganar shinge ba ta taɓa zuwa mini a rai ba, kuma zan bi ta yadda ka tsara. Na fasa ta gwanjon, domin da na ce a kunna ta da sunana kafin in biya, sai mai ita ya fara kame-kame. Zan nemi mai aikawa da karɓa, ƙanwata da ke aikin jinya za ta riƙe taswira, Hajiya kuma ta amince da saƙon safe da na dare. Yaya na Ostareliya, na gwada kwanciya da hular kwano da waya a aljihun ƙirji, na kasa zuge zif ɗin da hannun hagu, don haka zan sake wuri. Saura tambaya ɗaya ga Injiniya: a Mambilla ana ruwa da hazo da sanyi ko bayan damina, ƙasar kuma ta haura mita 1,500, shin hakan yana hana saƙo fita, kuma batir zai kai ni kwana huɗu ba wuta?

Injiniyan Sadarwa ya amsa:

Hazo da gajimare da ruwan sama ba sa tare siginar da ke wannan zango, abin da ke tare ta shi ne dutse da kwano da ganye mai kauri, musamman jiƙaƙƙe. A saman tsaunin, inda ciyawa ce shimfiɗe ba itatuwa, za ta fi aiki fiye da ko'ina a hanyarka, a cikin kwari ne za ka yi haƙuri, ka fito fili, ka tsayar da eriya, ka jira alamar cewa saƙo ya tafi kafin ka mayar da ita. An gina su su jure nutsewa a ruwa mai zurfin mita ɗaya na minti 30, matuƙar murfin wurin caji yana rufe. Game da batir, kamfanin ya ce inReach Mini 2 tana kai kwana 14 idan tana ajiye ɗigo kowane minti goma a sarari, a ƙarƙashin itatuwa kuwa tana shan wuta sosai saboda yawan ƙoƙarin aikawa, don haka ka yi lissafi da rabi ko ƙasa da haka, ka kashe ajiye ɗigo da dare, ka riƙe ƙaramin fawa-banki a cikin leda. Mako ɗaya kafin tafiya ka fita bayan gari da ita, ka sa wayarka a yanayin jirgi, ku yi musayar saƙo goma da ƙanwarka, ta kuma gwada tura wurinka ga wani na uku ya nemo ka da shi.